Boilar da Kawu ya ɗaura da hannunsa

Kawu yayan mahaifiyata ne, kuma shi ne dalilin zuwana Landan. Ya shigo ƙasar nan tun yana saurayi da niyyar karatun injiniya. Karatun bai yiwu ba, sai ya kama aiki da wani Bature mai gyaran gas, har ya ƙware, ya ci jarrabawa, ya samu takardar izinin aikin gas ta kansa. Shekara talatin da wani abu ya yi yana hawa da sauka a benayen arewacin Landan da jakar sifana a hannu. Lokacin da na zo, in ka shiga gidan Bahaushe a Tottenham ka ji ɗumi, da wuya in ba hannun Kawu ne ya taɓa boilar gidan ba.

Boila wani akwatin ƙarfe ne da ake kafewa a bangon kicin. Tana ƙona gas ta dafa ruwa, ruwan ya bi bututu ya zaga radiyetoci, wato faffaɗan ƙarafan ɗumama ɗaki da ke jikin bangon kowane ɗaki. Da ita ake rayuwa a nan in sanyi ya shigo. Ta gidan Kawu shi ya ɗaura ta da hannunsa, shekarar da ya sayi gidan, kuma tun daga ranar ba wanda ya taɓa kwance mata noti sai shi.

Abin da zan faɗa ya faru ne bayan ya ajiye aiki. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tilo tana aiki a Manchester, yanar ido kuma ta fara rufe masa gani. Takardar aikinsa ta ƙare bai sabunta ba. Ni ce nake zuwa duk Asabar daga Stratford, da kular tuwon semo da miyar kuka, in share masa gida, in karanta masa wasiƙun da suka taru a bakin ƙofa, don ya daina ganin ƙananan rubutu.

Mu aka fara yi wa canjin boila. Flat ɗinmu na council ne, wato gidan hayar ƙaramar hukuma, a ƙasa yake, da ɗan fili a baya. Wasiƙa ta zo cewa za a cire boilolin gas na layinmu gaba ɗaya a sa heat pump, wata na'urar ɗumama gida da ba ta ƙona gas, saboda ƙasar na son rage hayaƙin da gidaje ke fitarwa, kuma an ce a gaggauta. Kwana huɗu ma'aikata suka yi a gidan. Suka canza radiyetoci zuwa manya, suka sa tankin ruwa a inda nake ajiye akwatunan tafiya, suka girke wani farin akwati mai fanka a cikinsa a bayan ɗakin yara. Da suka tafi na tsaya ina kallon bangon kicin, inda boilar take a da. Ba komai sai shacin fenti mai launi daban da ramukan kusa guda huɗu.

Kawu ya ce zai zo ya gani. Ya zo da babbar rigarsa ta sanyi a kan kaftani, bai zauna ba, bai karɓi shayi ba. Ya ɗora bayan hannunsa a kan radiyetan falo ya daɗe.

"Wannan ai ɗumin jikin mage ne," ya ce. "Ina wutar take?"

"Babu wuta, Kawu. Lantarki ne."

"Na san lantarki ne, 'yar nan."

Muka fita baya. Fankar na juyawa a hankali, tana huro iska mai sanyin ƙanƙara a ƙafar wandonsa. Ya sunkuya har hancinsa ya kusa taɓa ƙarfen, yana bin bututun da yatsa. Shi ya yi min bayanin da ma'aikatan ba su yi min ba. Ya ce firij ne aka juya masa baya. Firij yana kwashe ɗumin cikinsa ya zubar a waje, wannan kuma yana tsinto ɗan ɗumin da ke cikin iskar waje, ko da ana sanyi, ya matse shi ya shigo da shi gida. Na ce to kenan zai yi aiki? Ya miƙe yana dafa gwiwa.

"Zai yi," ya ce. Yadda ya faɗa, kamar likita ne ya ba shi sakamakon gwaji mara daɗi.

Bai ci abinci ba ranar. Mijina ne ya raka shi tashar bas.

Da kaka ta shigo, abin ya iso layinsu. Yawancin gidajen layin na wata ƙungiyar gidajen haya ne, nasa da wasu biyu ne kawai na masu su. Duk Asabar in na sauka daga bas sai in ga farin akwati ya ƙaru a gaban wani gida. Daga bakin titi suka faro, suna tahowa gida-gida zuwa ƙarshen layi, inda nasa yake. In ka bi layin da rana, ka yi shiru, za ka ji ƙugin fankokin ƙasa-ƙasa daga hagu da dama. A tsakiyar layin aka ajiye wani babban kwandon ƙarfe inda ma'aikata ke jefa tsofaffin boiloli. Wata Asabar na tarar da Kawu a tsaye a gefen kwandon, hannunsa har kafaɗa a ciki.

"Kawu, me kake nema?"

"Wannan ni na ɗaura ta," ya ce, yana nuna min wata da ta lotse. "Waccan ma. Ba abin da ya same su. Lafiyarsu ƙalau aka zubar."

Aljihun rigarsa a cike yake da ƙananan ƙarafa da zobban roba. Ya ce an daina sayar da kayan irin boilarsa, in wani abu ya lalace daga ina zai samo? Na ga maganar da hankali. Har na riƙe masa leda.

Wasiƙu suka fara zuwa masa shi ma, cewa masu gidan kansu akwai tallafin gwamnati in suna so. Na karanta masa ta farko, ya ce in ajiye. Ta biyu ya ce in goge teburi da ita. A masallaci kuma an gaya masa wai in gidajen layi suka ragu da yawa, wata rana za a zo a toshe babban bututun gas na titin gaba ɗaya, ko kana so ko ba ka so. Ban san gaskiyar maganar ba, har yau ban sani ba, amma ta zauna masa a rai. Yakan tsaya a tagar falo yana kallon motocin ma'aikatan. "Saura gida shida su iso," in ji shi. Mako biyu bayan haka, "Saura huɗu."

A watan Nuwamba na fara lura da cewa Kawu ya canza. Mutumin da ba ya barcin rana, sai in same shi a kujera kai ya faɗo ƙirji, rediyo na ta magana shi kaɗai. Ya ce kansa na ciwo, nan tsakiyar goshi, kamar an ɗaura masa rawani an tamke. Ya dafa shayi ya manta da shi. Sau biyu ya kira ni da sunan mahaifiyata, kuma ba kuskuren baki ba ne, don ya ci gaba da yi min hirar wani gidan maƙwabtansu a Zariya da aka rushe tun kafin a haife ni, yana tambayata ko na tuna rijiyar.

Na kira 'yarsa. Ita a nan aka haife ta, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta yi kuka a waya, ta ce ta san wannan ranar na zuwa. Duk wanda na gaya wa abu ɗaya yake faɗi, gigin tsufa ne, sai haƙuri da addu'a. Na nema masa ranar ganin likita don a gwada ƙwaƙwalwarsa, aka ba mu rana a watan Janairu.

Abin da ya riƙa ɗaure min kai shi ne ranakun Juma'a. Kawu ba ya fashin zuwa babban masallacin Whitechapel, bas biyu yake shiga. Mijina yakan gan shi a can. Sai ya dawo ya ce min, "Ni fa ban ga abin da kuke faɗa ba. Kawu ras yake. Yau har ya gyara min lissafin kwanan wata, ya tsaya a kasuwa yana ciniki da mai kifi." Washegari in je in tarar da tsoho yana neman tabaransa alhali yana kan hancinsa. Na ce wa kaina kaɗaici ne, in ya ga mutane sai ya farfaɗo.

Gidan kansa ya canza, ni dai ban san yadda zan faɗe shi ba a lokacin. Gilasan tagogi kullum a jiƙe, ruwa na gangarowa har ya taru a katakon ƙasa. Kicin ɗin na da wani nauyi, ba wari ba, nauyi dai, kamar ɗakin da aka kwana a ciki da yawa ba a buɗe ba. A saman boilar kuma wani baƙi-baƙi ya fito a bango kamar kunkunniya. Na goge shi wata Asabar, da na dawo ya dawo.

Ina neman ludayi ne a cikin durowa na ci karo da ƙararrawar. Ƙaramar aba ce fara mai faɗin tafin hannu, wadda ake liƙawa kusa da boila don ta yi ƙara in iska mai guba ta fita. Tana kwance a tsakanin cokula, murfin bayanta a buɗe, ba batir.

"Kawu, me ya sa ka cire wannan?"

"Ƙarya take yi. Ta tsufa. Kwana uku tana damuna da ihu, na duba boila ciki da waje, ba komai."

"Ko in sayo sabuwa?"

Ya juyo ya dube ni da idanun nan da yanar ta fara rufewa. "Ke za ki koya min gas?"

Na mayar da ita cikin cokula na rufe durowar. A ƙaramin asibitin unguwa nake aiki, a teburin karɓar marasa lafiya. A bangon da ke fuskantar kujerata akwai takarda da ake liƙawa duk shekara in sanyi ya zo, mai zanen kai da alamar ciwo, tana gargaɗi a kan iskar nan da ake kira carbon monoxide, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Kullum ina kallonta. Amma mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgi, wanda ya ɗumama gidajen rabin mutanen da na sani, ya ce ba komai. Ban ga ta inda zan fara musu da shi ba.

Asabar ta farko a Disamba an yi sanyi sosai. Na same shi ya rufe ko'ina, ya cusa tsumma a ƙasan ƙofar baya, boila na ta aiki. Muka ci tuwo bayan azahar. Na ce bari in ɗan zauna kafin in wanke kwanuka. Ban san lokacin da barci ya ɗauke ni ba. Wayata ce ta tashe ni, tana ta ruri a cikin jaka, kuma na daɗe ina jin ta kafin in gane cewa tawa ce. Hannuna ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Mijina ne, yana tambaya ko na manta za mu je barka. Na duba agogo, awa biyu da rabi sun wuce. Kawu na kujerarsa baki a buɗe. Na taɓa shi sau uku kafin ya motsa.

Na fito na yi amai a gindin wata bishiya kusa da tashar bas. Kafin in kai Stratford kaina ya washe. Na ce mura ce ke son kama ni, na sha magani na kwanta. Na bar shi a gidan. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

'Yarsa ce ta shirya zuwan mai awon gida don sa heat pump, ba don ta zargi komai ba. Ita dai tunaninta, tsohon da ya fara ruɗewa bai kamata a bar shi da gas a gida ba. Ta san in baƙo ya zo ba zai buɗe ƙofa ba, sai ta nemo mutumin da ya koyi aiki a hannunsa shekaru da yawa da suka wuce, wani ɗan zangon Kumasi. Yanzu shi ma ya yi furfura, yana da ma'aikatansa, ya je ya ƙaro horo ya koma ɗaura heat pump, ko da yake bai saki takardarsa ta gas ba. Ta roƙe ni in ɗauki hutun rabin rana in kasance a wurin.

Talata ce da safe. Na riga shi isa da minti goma, ban gaya wa Kawu komai ba. Da aka ƙwanƙwasa, Kawu ya buɗe, mutumin ya cire hula ya durƙusa a kan dakalin ƙofa, da kayan aiki da komai.

"Maigida, ina kwana. Kwana da yawa."

Kawu ya gane muryar kafin ya gane fuskar. Ya yi dariya, dariyar da na yi wata biyu ban ji ba, ya kama shi ya tashe shi. Sai idonsa ya kai kan motar da ke bakin titi, da hoton farin akwati a jikinta. Dariyar ta tsaya. Ya waiwayo ya dube ni.

"Kai ma?" ya ce wa mutumin.

"Maigida, awo kawai ne. In auna ɗaki, in auna taga, in tafi. In ba ka so, ba a yi."

Kawu ya matsa gefe, ba don ya yarda ba, don dai ba zai iya korar wanda ya durƙusa masa ba. Mutumin ya auna falo yana ta jan shi da hira, yana tuna masa wani bene mai hawa goma sha biyu da suka taɓa hawa da tukunyar ruwan zafi a kafaɗa ranar da lif ya lalace. Daga nan ya nufi kicin. Taku biyu ya yi a ciki, wata 'yar na'ura da ke maƙale a aljihun ƙirjinsa ta fashe da ƙara, jan haske na walƙiya.

Ban taɓa ganin fuskar mutum ta canza da sauri haka ba. Ya kashe boilar, ya hankaɗe ƙofar baya da ƙafa, tsumman ya yi waje.

"Hajiya, ka buɗe taga duka, ka fita da shi waje. Yanzu-yanzu." Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, da sai in yi murmushi. Ranar kam tagogi na nufa da gudu.

"Abin naka ƙarya yake yi," in ji Kawu. "Na duba ta."

"Maigida, fita tukuna."

"A gidana?"

Mutumin ya rungumo shi ta kafaɗa, kusan ɗaukarsa ya yi, ya zaunar da shi a kan katangar gaba, ya yafa masa tasa rigar. Ya je ya rufe gas daga mita, ya kira masu gas na gaggawa, ya ce min in kira motar asibiti, ni ma kuma a duba ni. Muna jira, bayan iska ta ratsa gidan, ya koma ciki. Bai daɗe ba ya fito da wani zoben roba a tafin hannu. Ya sake durƙusawa a gaban Kawu, a kan siminti mai sanyi, ya sa masa zoben a hannu.

Kawu ya murza shi da yatsu, ya zagaya shi sau biyu. Idonsa ba ya gani sosai amma yatsunsa sun sani. Zoben na wata boila ce daban, daga cikin kwandon, ya fi wurin girma da kaɗan, bai zauna ba. Hayaƙin da ya kamata ya bi bututu ya fita waje, ta nan yake dawowa kicin, mako da makonni.

"Yaushe ka sa shi, Maigida?"

"Ƙarshen Oktoba," Kawu ya ce. Muryarsa ta yi ƙasa. "Na ji ya shiga."

Mutumin ya ɗauko wata takarda mai jan rubutu, irin wadda ake liƙa wa na'urar da aka haramta kunnawa. Ya tsaya da ita a hannu. Kawu ya ce, "Je ka liƙa. Ni na koya maka."

Kwana biyu ya yi a asibiti da robar iska a fuska. Ni an ɗebi jinina an sallame ni da yamma. Likitar ta ce mana da ya ƙara mako ɗaya ko biyu a haka, da sanyin da ke tafe, ba ta san abin da za mu tarar ba. 'Yarsa ta iso a jirgin ƙasa, ta zauna ta riƙe ƙafarsa tana kuka. Shi dai yana kallon silin.

Rana ta biyu, ta fita sayo shayi, ya zare robar daga fuskarsa ya yafito ni.

"'Yar nan, samo biro."

Na ɗauka wasiyya zai yi.

"Akwai gidaje huɗu," ya ce. "Bara da bana. Sun kira ni, ban iya cewa a'a ba."

Sai da ya maimaita na gane. Bayan takardarsa ta ƙare, bayan idon ya tafi, mutane ba su daina kiransa ba, shi kuma bai daina zuwa ba. Bazawarar wani amininsa. Wani ɗalibi da matarsa da jariri. Wani dattijo ɗan Filato da suka yi shekara talatin suna gaisawa a shagon nama. Da wani gidan haya a bayan tashar jirgi. Duk ya buɗe boilolinsu, biyu daga ciki ya sa musu kayan kwandon. Ya faɗo min layi da lambar kowane gida ba tare da ya yi tuntuɓe ba. A nan na tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta dawo, ban kuma samu damar yin murna ba.

Na kira ɗan Kumasi daga barandar asibitin. Ya ce in jira shi a bakin ƙofa. Ya soke aikinsa na ranar. Muka bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, ni in yi sallama in yi bayani, shi ya shiga da na'urarsa a ƙirji. Duk ƙofar da muka tsaya, kafin a buɗe, sai in riƙa kasa kunne ko zan ji motsi a ciki. A gidan ɗalibin an daɗe ba a amsa ba. Na buga har hannuna ya yi zafi, kafin matar ta leƙo da jariri a kafaɗa, ashe wanka take yi masa. Na'urar ba ta yi ƙara ba a can, ba ta yi ba a gidan bazawarar. A gidan dattijon ya samu wani noti a sake, ya ɗaure, ya ce bai kai ga haɗari ba tukuna. Dattijon ya ce mu gaishe da Kawu, kada kuma mu bari ya sa abin a ransa.

Gida na huɗu ba kowa. Mutanen da Kawu ya sani sun tashi tun bazara, maƙwabciya ta ce wasu ne a ciki yanzu, ba ta san su ba, da sassafe suke fita. Labule a sauke, gilashin tagar kicin a jiƙe. Ɗan Kumasi ya kira masu gas na gaggawa ya ba su adireshin, muka rubuta takarda da manyan baƙaƙe muka tura ta ƙasan ƙofa. Muka tsaya a titi har motarsu ta zo. Suka ce za su rufe daga waje su nemi mai gidan, sauran kuma ba za su iya gaya mana ba, tunda mu ba 'yan gidan ba ne.

An sallami Kawu ya koma gida mai sanyi, da hitocin lantarki biyu da na kai masa. Bai yi gardama a kan heat pump ba, bai kuma ce yana so ba. 'Yarsa ta miƙa masa takarda ya sa hannu. Sai bayan sabuwar shekara aka samu ranar aikin. Ni kuwa mako uku ba ya amsa min fiye da gaisuwa. Ban sani ba ko haushin na kawo masa mai awo a ɓoye ne, ko kunyar na ga abin da na gani.

Ranar da ya yi min magana, cewa ya yi in raka shi gidan nan na bayan tasha. Na ce Kawu an riga an rufe musu, me za ka je yi? Ya ɗauki sandarsa.

Lahadi ce da hantsi. Wata mata ta buɗe, baƙuwa ce a ƙasar kamar mu, Turancinta kaɗan ne, da wata 'yar yarinya riƙe da siket ɗinta. Kawu ya tambaye ta labarin boilar. Ta ce an zo an rufe, sun yi kwana tara ba ɗumi, mai gida ya sa wata. Ta ce masu gas sun ce tsohuwar boilar ba ta da kyau. Ta nuna yarinyar, ta dafa goshinta, ta kwatanta amai da hannu. Tun Oktoba, in ji ta, suna ta zuwa wurin likita ana cewa ba a ga komai ba. Yanzu ta warke.

Kawu ya dubi wajen da yarinyar take. Ya cire hularsa, abin da ban taɓa ganin ya yi a waje ba.

"Ni ne na gyara ta," ya ce da Turanci, a hankali, kalma-kalma. "Ni na yi kuskuren. Ki yafe min."

Ban san ko ta fahimta ba. Ta dube shi, ta dube ni, ta jawo yarinyar bayanta. Ta ce wani abu da yarensu, sannan ta tura ƙofar a hankali har ta rufe, muka ji ta sa sarƙa. Muka daɗe a tsaye. Na ce Kawu mu tafi, an fara yayyafi. Ya mayar da hular, ya kama hannuna, muka taka zuwa tasha.

An ɗaura masa nasa farin akwatin a ƙarshen Janairu, ɗan Kumasi da kansa ya yi aikin. Gwajin ƙwaƙwalwar da aka yi masa ya nuna yawanci ta dawo, amma ba duka ba, kuma likita ya ce ba zai iya raba abin da iskar ta ci da abin da shekaru suka ci ba. An yi masa aikin ido ɗaya a bazara. Gidan yanzu da ɗumi ko'ina, dare da rana, har banɗaki. 'Yarsa ce ke saita shi daga wayarta a Manchester. Wani lokaci muna zaune sai mu ji fankar ta ƙara sauri a waje, sai ya ce, "Ga ta can ta taɓa." Ina zuwa duk Asabar kamar da. Yana cin tuwonsa, yana tambayar yara da makarantarsu, wani lokaci ya yi barci a kujera bayan azahar. In ya yi, ba na iya zama. Sai in tashi in wanke kwanuka da ƙarfi har ya farka.